Kujerar Yaya A-Taƙaice

Na dawo gida bayan shekarun da na kwashe ina neman abin da har yau ban gane ko mene ne ba, na tarar Baba ya tsufa, shagonsa na kujeru ya ƙara duhu, yayana kuma ya sayi kwamfuta. Cikin ukun nan, na ƙarshen ne ya fi tayar wa mutanen gida hankali.

Yayan nawa injiniya ne, ga takardarsa nan a bango cikin gilashi. Amma a layinmu ba mai ce masa Injiniya. A-Taƙaice ake kiransa, domin da wannan kalma yake buɗe kowace magana, kuma duk wanda ya ji ta fito daga bakinsa ya san ya yi sallama da abin da ya fito yi. Mai walda da ke jikin shagonmu ya rantse cewa ya taɓa gaishe shi da ƙarfe mai zafi jawur a hannu, kafin Yaya ya gama amsa gaisuwar ƙarfen ya huce har ya fara tsatsa.

Abin da na tarar ana ciki shi ne, wani sabon otal zai buɗe, yana neman wanda zai yi masa kujerun falo. Baba ya faɗa a gaban kowa cewa in aikin ya shigo ta hannun Yaya, zai miƙa masa makullin shago ya koma gida ya huta. Makullin nan a ɗaure yake a ƙugun Baba tun kafin a haife ni, kuma Yaya ya daɗe yana yi masa kallon da mage ke yi wa kifin da ke cikin kwalba.

Shi Baba, duk rayuwarsa da babban yatsa yake gwada soso. Ya danna, ya saki, ya ce a saya ko a bari. Yaya ya ce zamanin yatsa ya wuce. Ya samo wani sabon soso a wurin wani ɗan kasuwa, irin wanda in ka ɗora masa hannu shatin hannun zai zauna na ɗan lokaci kafin ya taso a hankali. Ya ce da wannan soson ba a buƙatar sifirin, ba a buƙatar bel ɗin da ake ɗaurewa a ƙasan mazauni. Akwatin katako mai zurfi kawai za a yi, a cika shi da soso, a rufe da yadi. Baba ya tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce kwamfuta ce za ta gaya masa, da zarar ya gaya mata.

Ni ya fara kamawa da bayanin, don ni ne baƙo, ban san hanyoyin gudu ba. Manhajar da ke cikin kwamfutar, in ji shi, tana yanka kujera ƙanana-ƙanana kamar idon raga, ta bi kowane ido ta lissafa yadda zai lotsa in an zauna. Amma ba ta san soson ba sai an gabatar mata da shi. Soso hali biyu gare shi. Rabinsa roba ne, ka danna ya dawo. Rabinsa zuma, yana tafiya a hankali ba ya waiwaye. Don haka sai ka ba manhajar lambobi: taurinsa a zaman farko, yawan sakin jikin da zai yi daga baya, da tsawon lokacin da sakin zai ɗauka. Samun lambobin kuwa sai an ɗora wa soso nauyi, an riƙa auna nutsewarsa ana zana layi, sannan a yi ta murɗa lambobin har layin kwamfuta ya hau kan layin gwaji. Wannan da na kawo muku a 'yan layuka, ni ya ci mini safiya da abincin rana.

Akwai injin da ake wannan gwaji da shi, Yaya ba shi da shi. Ya ce inji ai ba komai ba ne illa nauyi da haƙuri, kuma danginmu ba su rasa nauyi ba. Bai ce komai game da haƙurin ba.

Da buhun siminti ya fara, wanda ya aro a wurin wani magini. Ya ɗora shi kan guntun soso a lungun shago, ya tsaya yana kallonsa, sai ya ce a'a, siminti ba shi da ɗuwawu, kuma ba siminti ne zai sauka a otal ba. Ya bar shi nan ya manta.

Sai ya dawo kaina. Ya zaunar da ni kan wani guntun, ya manna rula a gefe, ya kunna agogon waya. Ya ce kada in motsa, kada in yi dogon numfashi, kada in yi tunanin abin da zai sa in motsa. Ya gyara murya ya ce, a taƙaice. Ni kuwa tun ina yaro ba na iya zama wuri guda, shi ya sa ma na bar garin. Ba a jima ba ƙafata ta fara rawa da kanta. Layin da ya zana ya fito kamar haƙoran zarto.

“Duk yawon da ka yi a duniya, ko kaya ba ka iya zama ba,” in ji shi. “Buhu ya fi ka amfani.”

Na ce ai buhu ba shi da kunne.

Kawu, ƙanin Umma, shi ne babban fatan kimiyya a danginmu, don ba ya shiga ƙofa sai ya karkata. Sai dai dole a san nauyinsa, sikelin da zai ɗauke shi kuwa sai na mai sayen tsofaffin ƙarafa a bakin titi. Kawu ya hau, mutane suka rage tafiya. Mai ƙarafa ya duba allura, ya faɗi lamba, sannan bisa sabo ya ce sai an cire na tsatsa. Kawu bai ƙara bin wannan titin ba.

Ya zo dai ya zauna, soson ya karɓe shi da mutunci. Yaya ya karanta rula sau ɗaya, sau biyu, sannan ya ce bari ya yi wa Kawu bayanin abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. Kafin a kai ga zumar, Kawu ya tuna yana da mara lafiya a asibiti. Washegari ya dawo, ya sake tuna wani. Cikin makon nan Kawu ya kwantar da rabin abokansa.

Gwaggo, yayar Baba, ta ƙi hawa sikeli. Ta ce ta san nauyinta, ta faɗi wata lamba da Umma ta ce ta lokacin makaranta ce. Ta zauna, Yaya ya buɗe baki, ta tuna ta bar tukunya a wuta, alhali gidanta sai an hau mota biyu. Telan da ke ɗinka mana yadin kujeru ya zauna ya tashi. Direban da ke kawo katako ya zauna ya tashi. Mai walda ne ya fi kowa daɗewa, har Yaya ya fara kiransa ɗalibina, kafin a gane audugar da yake toshe kunne da ita wurin aiki ce bai cire ba. Da Yaya ya sa ya cire, shi ma aka kira shi a waya, wayar da ke can shagonsa a kashe.

Da aka jera layukan gwajin, sai ga su duk kamanninsu ɗaya. Kowanne ya gangara da sauri, ya rage gudu, sannan ya yanke kusan wuri guda, wato daidai inda ɗan Adam ke kai wa ƙarshen sauraron Yaya. Yaya ya ce shi ke nan, magana ta fito: soson yana nutsewa yatsa biyu ya tsaya.

Umma ta kawo masa shayi, ta leƙa takardar, ta ce to in mutum ya daɗe a zaune fa?

“Umma, na gwada da babba, na gwada da yaro, namiji da mace. Ba wanda ya daɗe. Ɗan Adam ba ya daɗewa a zaune.”

Umma ta ce Allah ya ƙara basira, ta ɗauki farantinta.

Ranar da aka fara ba manhajar lambobi, Yaya ya gayyato Kawu ya ga kansa. Ga kujera a allo an yanka ta idon raga, ga wani dunƙule a samanta wanda aka ce shi ne Kawu. Yaya ya danna. Dunƙulen ya sauka kan kujera, ya wuce cikinta, ya wuce daɓe, ya fice ta ƙasan allo. Aka yi ta jira. Kawu ya ce a dawo da shi, shi ba ya son irin wannan wasa, yana da iyali. Ashe Yaya ya ba da tsawo da wani ma'auni, ya ba da nauyi da wani. Ya gyara, amma garin gyara ya juya wata alama. Da aka sake dannawa, kujerar ta cilla Kawu sama, ya fice ta saman allo ko waiwaye babu. Kafin la'asar labari ya zaga layi, mutane suna zuwa ƙofar shago suna roƙon a nuna musu tashin Kawu. Tela ya ce shi na ƙasan ya fi so, ya fi kama da gaskiya.

Bayan nan sai manhajar ta yi yaji. Ta yi ta lissafi, fanka na kuka a cikinta, sannan ta ce lissafin ya ƙi haɗuwa. Yaya ya ce ba ta saba da aiki mai inganci haka ba ne. Ya kwana biyu yana murɗa lambobi, ya ƙara wannan ya rage wancan, har layin kwamfuta ya zo ya kwanta kan layin gwaji kamar an haife su tare. Ya buga hoton, ya rataye shi kusa da takardar shaidarsa, ɗan sama da ita kaɗan.

A ranar ne magini ya zo karɓar simintinsa. Da aka ɗaga buhun, soson da ke ƙasa ya koma kamar tsohon silifas. Muka tsaya muna jira ya taso. Bai taso ba. Yaya ya ce a kowane gwaji akan samu bare wanda bai bi sahun 'yan'uwansa ba, kuma kimiyya ta ba da izinin a watsar da shi. Bai ma watsar ba, ya ga ya yi daidai da shimfiɗar linzamin kwamfuta. Baba ya zo wucewa, ya danna shi da babban yatsa, ya ci gaba da tafiyarsa. Na dai ga ya shafa ƙugunsa.

Aka yi kujerar gwaji mai zaman mutum uku, akwati mai zurfi, jan karan-miski, ba sifirin ba bel. Gaskiya ta yi kyau. Ranar nuni aka share shago, aka ture katakai gefe, Yaya ya sa kwat. Baƙi uku suka zo bayan azahar: Manajan otal, dogo mai laktaye, Uwargidan mai otal, wadda aka ce ita ke da ta cewa a kan duk abin da ya shafi falo, sai Akanta, siriri kamar rular Yaya. Maƙwabta suka cika bakin ƙofa. Rufin shagon na kwano ne, soket ɗin kuma ɗaya ne, don haka Yaya ya zare fanka ya jona majigi. Ya taɓa gaya mini cewa zafi na sa irin wannan soso ya ƙara laushi, amma ya ce wannan sai a zagaye na biyu na bincike.

Manaja ya zauna a dama, Uwargida a hagu, Akanta a tsakiya. Uwargida ta shafa yadin ta ce ba laifi. Manaja ya ce suna da wani taron, don haka a gajarta.

“A taƙaice,” in ji Yaya, ya juya musu baya ya fuskanci bango.

Da farko komai ya tafi yadda kwamfuta ta ce. Suka nutse yatsa biyu. A bango ma kujerar raga ta nutse yatsa biyu ta tsaya, ta yi launin kore. Ta cikin shago ba ta ga dalilin tsayawa ba.

Lokacin da Yaya ke bayanin roba, laktayen Manaja ya sauka kan cinyarsa ya fara naɗewa. Lokacin da ya shiga zuma, ƙafafun Uwargida suka bar ƙasa, takalmi ɗaya yana lilo a ɗan yatsa. Akanta, da yake ba shi da nauyi, ya zauna a kan tudu tsakanin kwari biyu, yana kallon kowa daga sama, har tudun ya karkata ya kwantar da shi a kafaɗar maigidansa. Ya ce a gafarce shi. Manaja ya ce ba komai.

Daidai inda kowa ke tuna mara lafiya, Manaja ya duba agogo, ya dafa gwiwoyinsa, ya yunƙura. Ba abin da ya faru. Ya waiga ya ga mutanen da ke ƙofa, sai ya mayar da abin kamar wando yake gyarawa. Uwargida ta ga abin da ya same shi, ba ta ma gwada ba, ta buɗe jaka ta fito da mafici.

Yaya ya ɗan waiwayo ta gefen ido, ya ga kawuna uku suna nan. Tun da yake bai taɓa kaiwa nan da mai sauraro ba. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce tunda ya ga suna da sha'awa, bari ya koma baya kaɗan ya faro daga tarihin soso.

Kawu yana tsaye a ƙofa, ya cika rabinta. Ya kalli yadda gwiwoyin Manaja ke tasowa suna neman haɓarsa, ya ce wa tela a hankali, haka shi ma ya fara a kwamfuta.

Can sai wata murya ta fito daga tsakanin gwiwoyi biyu.

“Injiniya, ina da tambaya.”

“Tambayoyi sai ƙarshe, ranka ya daɗe.”

“Ni na kusa kaiwa.”

Yaya ya juyo gaba ɗaya. Ya kalli kujerar, ya kalli bango, ya sake kallon kujerar. Ya ce bisa lissafi suna zaune lafiya, yatsa biyu kacal suka shiga, ga shi nan a kore. Uwargida ta ce to ya tambayi lissafin ko ya ga wayarta, don ta ji tana ƙara a wani wuri ƙarƙashinta. Sai fuskar Yaya ta yi haske. Ya ɗauko rula ya durƙusa gefen Manaja.

“Ranka ya daɗe, don Allah kada ka motsa. Wannan ɓangaren layin ne ban taɓa samu ba.”

Manaja ya ce da zai iya motsawa da tuni yana ofis.

Fitar da su ya fi shigar da su wuya. Akanta an ɗauke shi kamar tsinke. Mai walda da direba suka kama hannun Manaja suka ja, kwat ta fito, Manaja bai fito ba. Uwargida ta ce ba namijin da zai taɓa ta, don haka Umma da Gwaggo suka kama, suka ja, Gwaggo na cewa ki saki jiki 'yar nan, ita kuwa tana cewa sakin jikin ne ya kai ta nan. Ƙarshe Baba ya tashi daga kan bencinsa, ya ɗauko sukudireba ya kwance katakon gaba, aka karkata kujerar aka zazzage su a hankali kan tabarma.

Har a nan, ina ganin da an lallaɓa da aikin bai mutu ba, don Manaja ya fara dariya. Sai aka mayar da kujerar tsaye. Ga ramuka uku a jan karan-miski, kowanne da kamannin mai shi, ba ragi ba ƙari. Na Akanta kamar an ajiye cokali. Na Manaja dogo. Na hagu kuwa, duk bakin ƙofa suka yi shiru suna kallonsa cikin girmamawa. Gwaggo ta auna shi da ido, ta gyara mayafi da alamar wadda aka wanke daga zargi.

Uwargida ta ce a shafe shi yanzu. Yaya ya ce zai taso da kansa. Ta ce yaushe. Ya ce wannan lambar ce daidai ba shi da ita, amma in za ta daure ta sake zama, a wannan karon tun daga farko da agogo.

Ba ta ko tsaya neman ɗayan takalmin ba. Manaja ya bi ta da kwat a hannu, Akanta ya tsaya ya yi wa Baba godiya, ban san ta mece ce ba.

Da yamma Baba ya rufe shago da kansa. Ya mayar da makulli ƙugu, ya yi masa ƙulli biyu. Ya ce shi ba ya alkawari ya bar ɗa hannu wofi, don haka Yaya ya ɗauki kujerar ya kai ɗakinsa, tasa ce halak malak. Yaya ya ce ai bincike bai ƙare ba, yanzu ma ya gano inda gyaran yake, kuma a taƙaice. Baba ya tuna yana da mara lafiya a asibiti.

Ni kuma ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Na ga na ga gida, na ga kowa, ba abin da ya rage. Na haɗa jaka, na yanki tikitin motar safe, na bi dangi ina sallama. Umma dai ta ce in leƙa in sallami yayana, kada ya ji a bakin wani.

Na same shi gaban kwamfuta. An mayar wa kujerar katakon gabanta, ita kaɗai ce wurin zama a ɗakin, ramukan sun ɗan cike. Na ce Yaya zan wuce. Ya ce haba, a tsaye kamar baƙo, ɗan zauna mana. Na zauna a bakin-baki. Na ga hannunsa ya tafi wurin agogon waya.

Motar ta tashi ba ni. Umma ta aiko mini da abinci har inda nake, ta sa aka kawo mini takarda da biro don kada in gaji. Ta ce tun da na fara tafiya da ƙafata, yau ce rana ta farko da ta san inda nake. Na jiyo ta a tsakar gida tana ce wa Baba ya sake duba maganar makullin nan, yaron ya yi abin da ya gagari kowa.

Baba ya ce zai duba, in na fito.